Maigadi Ɗaya Da Sanda

Jiya na kai ɗan ƙanena wata makarantar kwana ta gwamnati. A bakin ƙofa dattijo ɗaya na tarar, da sanda da tocilan da ba batir. Shi ke gadin ɗaruruwan yara, katanga kuma ta zube ta baya.

Wallahi raina ya ɓaci. Bayan Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, har yau haka muke? Annabi (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi, sannan ya dogara ga Allah. Yaran nan amana ce a wuyanmu. Gwamnati ta ƙara masu gadi, ta horar da su, ta ba su wayar kiran jami'an tsaro, ta biya su kan lokaci. Mu iyaye, mu fara da gyaran katangar nan.