Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Duk wanda ya taɓa shiga daji da gatarin aro ya san inda wannan magana ta dosa. Kana tsaka da sara mai shi zai miƙo hannu ya ce a ba shi abinsa, aiki ya tsaya ko itacen bai faɗi ba. Shi ya sa magabata suka fifita abin hannunka, komai ƙanƙantarsa, a kan na wani da za a iya karɓewa kowane lokaci.

A zamanin nan babu wanda ya kai ɗan haya sanin wannan zafi. Shekara ta zagayo, a ƙara masa kuɗi. Ɗan mai gida zai yi aure, a ba shi notis. To ranar da aka ce za a sayar da gidan da yake ciki, kuma shi aka fara yi wa tayi, sai ya saya ko ya kwashe kayansa.

Ma'aikatan gwamnatin tarayya a Abuja sun ga irin wannan rana. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin daina ba ma'aikaci gida da mota, a riƙa biyan shi kuɗinsu. Daga 2005, lokacin da Nasir El-Rufa'i ke ministan babban birnin, aka shiga sayar da gidajen gwamnati a unguwanni irin su Garki da Wuse, aka kuma ba mazauna ciki damar farko. Waɗanda suka daure suka biya, yau da yawansu suna cin fansho a gidan kansu, a garin da haya ke cinye albashi. Wasu kuwa ko kafin alƙalami ya gagare su, suka miƙa takardarsu ga mai kuɗi, suka karɓi ɗan abin da ya samu, suka koma haya a Mararaba ko Suleja.

Sai dai mai hankali ba ya ɗaukar rabin magana. Gatarin da ake yabo shi ne wanda ya zama naka da gaske. Gidan da ka saya da bashin da ya fi ƙarfin albashinka, har yanzu na wani ne, mai gida kawai ka canja: da mutum ne da za ka roƙa ya ɗaga maka ƙafa, yanzu banki ne da ba ya jin magiya. Ga kuma ɗawainiyar da ɗan haya bai saba da ita ba. Rufi ya yi yoyo, sokawe ta cika, famfo ya lalace, duk a wuyanka. In bene ne mai gidaje da yawa, sai kun haɗa kuɗi da maƙwabta, kuma ba kowa ke bayarwa ba. A Ingila ma, bayan dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar saya da rangwame, wasu da suka sayi ɗakuna a benaye sun sha mamaki da aka kawo musu lissafin gyaran ginin.

Saboda haka kafin ka ce na saya, zauna ka yi lissafi. Abin da za ka riƙa biya duk wata, zai bar maka na cefane da na makarantar yara? Takardun gidan sahihai ne, ko akwai rigimar gado a ƙasa? Za ka daɗe a garin, ko canjin wurin aiki na tafe? Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi don Asusun Gidaje na Ƙasa, ya fara binciken haƙƙinsa a can kafin ya tunkari bankin kasuwa.

In lissafi ya fita, ka saya ko ɗaki biyu ne, kada ka raina. In bai fita ba, haya ba abin kunya ba ce. Ka ci gaba da tari har ka sami wanda ya yi daidai da aljihunka.