Ɓoyon ƙarfi a wasan karta

A Tawa da sauran garuruwan Adar, dara wasa ce ta fili: gurbi 30 a rairayi, ƴaƴa 12 ga kowa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Ba abin da ke ɓoye sai niyya. Kartar poker da ake bugawa ta intanet ba haka take ba. Katin da ke hannun mutum shi kaɗai ya san su, kuma a allon salula babu fuska, babu rawar hannu. Abokin karawa ba ya ganin komai sai yawan kuɗin da aka zuba da jinkirin da aka yi kafin zubawa.

A ƙaddara mutum ya samu kati masu ƙarfi, gwani kuma na gabansa. In ya zuba da yawa nan take, gwani ya gane ya janye, ƙarfin ya tashi a banza. In ya yi lamo kamar mai rauni, ya bai wa gwani damar ganin kati na gaba da araha, wataƙila wanda zai kife wasan. Tun 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka nuna mafita da lissafi: wajibi ne wani lokaci mutum ya zuba da yawa alhali hannunsa wofi ne, domin kada a gane ranar da yake da gaskiya. Manhajar Libratus, wadda ta doke gwanaye huɗu a Pittsburgh ta Amurka a 2017, ita ma da irin wannan burga ta yi nasara.

Shin wannan ƙarya ce? Masu kare wasan suna cewa a'a, tun da ɓangarorin biyu sun amince da sharaɗin, kuma ɗan kokawa ma yakan yi kamar zai kama ƙafa ya kama ƙugu. Hujjar ba ta kai ba. Ƙaƙƙarfan ɗan kokawa na iya kada gwani ba tare da yaudara ba. A poker kuwa, wanda ba ya zubawa sai yana da ƙarfi, gwani ba zai biya shi ba ko sau ɗaya bayan ya karance shi. Gaskiyarsa ba ta da riba sai ya gauraya ta da ƙarya.

Malamai sun haramta caca bisa aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma yawanci dukiyar da ke salwanta ake kallo. Ba a cika duba halin da wasan ke koya wa wanda yake ci ba, mutumin da ya kwana yana horar da kansa kada a iya bambance gaskiyarsa da ƙaryarsa, sannan da safe ya fita kasuwa ya yi ciniki da maƙwabtansa.