TAWAKKALI DA NEMAN MAGANI: HUKUNCIN MAI CIWON SUKARI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ke yawo a ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, ita ce: mutumin da sukari ya hau masa ƙwarai, idan ya ajiye azumi ko ya riƙi allura, ya nuna ƙarancin tawakkali ke nan? Tambayar ta dace da mu, domin ƙasarmu ƙasar rake ce, mazarƙwailar Makarfi kuwa ta yi suna a Arewa.

Mu fara sanin ciwon tukuna, don hukunci kan abu yana biyo bayan saninsa. Abincin da muka ci yakan zama sukari a cikin jini, wani sinadari mai suna insulin shi ke shigar da shi cikin tsoka ya zama ƙarfi. A nau'i na biyu na ciwon, wanda ya fi kama manya, jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, sai sukarin ya taru a jini. Lafiyayye kafin karin kumallo awonsa bai kai 100 ba a ma'aunin miligiram. Idan ya kai 126 a gwaji biyu, likita zai ce ciwo ya tabbata. In ya hau ƙwarai, ƙoda takan fitar da shi ta fitsari, ta ja ruwan jiki tare da shi. Shi ya sa ake ganin ƙishirwa, da yawan fitsari, da kasala, da gani dishi-dishi. Idan ya zarce 600 mutum na iya ruɗewa ya suma, wani ma ya rasa ransa.

To, yanzu a dubi manomi mai wannan hali, yana saran rake cikin rana, bakinsa da azumi. Jikinsa na zubar da ruwa ta gumi da fitsari, ba kuma abin da ke maye gurbinsa. Aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa maras lafiya rangwame ya sha ya rama, aya ta 195 kuma ta hana mutum ya jefa kansa ga halaka. Shehu Halilu a Muhtasar ya bayyana cewa shan azumi yakan zama wajibi idan aka ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. A shekarar 2009 Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta zauna a Sharja ta kasa masu wannan ciwo kashi huɗu, ta hukunta cewa masu haɗari mai tsanani su sha azumi. Likitoci kuma sun ce duk wanda awonsa ya haura 300, ko ya faɗi ƙasa da 70, ya karya nan take. Tsinke yatsa don awo ba ya ɓata azumi. Wanda ciwonsa ba ya barinsa ya rama, malamanmu sun so ya ciyar da mudu ɗaya na Annabi a madadin kowace rana.

Mai cewa ajali ba ya wuce lokacinsa gaskiya ya faɗa, amma ya tuna da Sayyidina Umar, wanda ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Da aka tuhume shi da gudun ƙaddara, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annabi kuma ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Magabatanmu ba su raba ilimin addini da na magani ba: Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta wannan ciwo, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce kan magani. Insulin da aka gano a Kanada a 1921 yana cikin sababan da Allah Ya hore wa bayinSa.

Akwai kuskure biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, zaton cewa mazarƙwaila ta fi farin sukari sauƙi ga mai ciwon, alhali duka daga rake suke, duka kuma suna tayar da awo. Na biyu, shan zuma da yawa da hujjar an ambaci warakarta a Suratun Nahli. Waraka gaskiya ce, amma kowane magani da cutarsa da gwargwadonsa, zuma kuwa mafi yawanta sukari ce. Haka nan wanda ya watsar da ƙwayar metformin don wani mai talla ya yi masa alkawarin warkewa cikin mako guda, ya saki reshe ya kama ganye.

Saboda haka idan awo ya hau, mai ciwo ya sha ruwa zalla, ya ci gaba da maganinsa kamar yadda aka rubuta masa, ya sake awo. Idan amai ko ruɗewa ko barci mai nauyi suka zo, iyali su garzaya da shi asibiti mafi kusa, kada su jira gari ya waye. Jiki amana ne, za a kuma tambaye mu yadda muka riƙe shi. Maigidan da ya kwanta saboda taurin kai, matarsa da 'ya'yansa ne za su ɗauki nauyin.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya fahimtar da mu addininSa, amin.