Ƙaddara da Ganganci a Titunan Tamale

Duk wanda ya taɓa halartar zaman makoki a Zangon Hausawa na Tamale bayan haɗarin mota ya san abin da ake faɗi tun daga bakin zaure har zuwa tabarmar liman: "Ƙaddara ce, Alhaji, sai haƙuri." Magana ce ta gaskiya, domin imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne daga rukunan imani. Amma idan aka bincika aka tarar wanda ke riƙe da sitiyari saurayi ne da bai cika shekara 18 da dokar Ghana ta gindaya don mallakar lasin ba, kuma motar irin ta tsere ce wadda yayansa ya aiko daga Turai, mahaifinsa kuwa ya miƙa masa makulli da hannunsa a yammacin Salla, to a nan mas'ala take tasowa: shin ƙaddara tana wanke mai ganganci?

Tamale gari ne na kekuna da babura. Babbar hanyar da ta taso daga Kumasi ta bi ta Kintampo da Buipe da Yapei, ita ce ta ratsa tsakiyar gari ta nufi Savelugu da Bolgatanga, kuma tun da aka buɗe gadar sama a 2022 samari suka ƙara samun fili. A gefen wannan hanya za ka ga mace bisa babur, goyo a bayanta, kwandon tumatir ɗaure a kariya, ta nufi kasuwar Aboabo. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa guda, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata ninkuwa take yi sau huɗu. Wannan ma sunnar Allah ce cikin halittarsa, wadda ba ta sassauta wa yaro don ƙuruciyarsa.

Malaman tauhidi na tafarkin Ash'ari, waɗanda littattafansu ne aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu, sun tabbatar cewa Allah ne Mahaliccin ayyuka, bawa kuwa yana da kasabi, wato zaɓin da ake yi masa hisabi a kansa. Saboda haka ne Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham lokacin annoba, ya kuma ga juyawar tasa ita ma tana cikin ƙaddarar. Fuƙaha'u ba su tsaya a nan ba. Ibn Abi Zaid, mai Risala, ya ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta game da abin da ta taka, alhali dabba tana da nata nufin, balle ƙarfen da ba ya motsi sai an taka masa totur. A 1993 kuwa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a.

Abin da ya fi damuna shi ne babban da ya miƙa makullin. Farkon Suratun Nisa'i ya hana a damƙa dukiya ga safihi, ya kuma yi umarni a jarraba maraya har sai an ga rushdi tattare da shi kafin a ba shi abin da yake mallakarsa ne. Idan an yi wannan tsantseni a kan dukiyar da iyakar ɓarnarta talauci, yaya za a ce da abin da ɓarnarsa rai ce? A ganina hikimar ɗora diyyar kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinari 1,000, a kan aƙila, wato dangin uba, tana nan: waɗanda za su biya su ne waɗanda da ma ya kamata su tsawata.

Mutanenmu, Hausawa da Dagomba baki ɗaya, masu karamci ne. Akan tura dattawa da goro, iyalan mamaci su sunkuyar da kai su ce sun bar wa Allah, ba za su ci kuɗin jini ba. Allah Ya saka musu. Sai dai yafewarsu diyya kaɗai take saukewa, domin ita ce haƙƙinsu. Kaffarar da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta haƙƙin Allah ce, kuma tun da babu bawan da za a 'yanta a yau, ta koma azumin wata biyu a jere, a kan kowane rai da aka rasa. Da wuya ka ji an ambaci wannan a zaman sulhu, kuma liman ne ya fi cancanta ya kira saurayin da mahaifinsa gefe, bayan an watse, ya sanar da su.