"Inna, Zauna Ki Huta": Tausayi Ne Ko Gudun Zargi?

'Yar uwa mai karatu, yau tambaya na zo miki da ita, kuma ni ce ta fara kamawa kafin kowa. Idan akwai tsohuwa a gidanki, mahaifiya ko suruka, kika hana ta shara, kika hana ta ɗaukar buta, kullum "Inna, zauna ki huta," don ita kike yi ko don kanki?

Shekaru biyu da suka wuce surukata ta zame a bakin makewayi da asuba, za ta yi alwala. Allah Ya tsare, babu karaya, sai targaɗe a hannu. Daga ranar muka ɗaura ɗamarar hidima. Ruwan alwala har bakin gado, abinci har ɗaki, maigida ya sayo kujerar salla, tsintsiya kuwa na ɓoye ta. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sa mini albarka. Wata 3 ba su cika ba, matar da ke taka sayyadarta har gidan suna a bayan layi ta koma ba ta iya miƙewa daga tabarma sai an ɗaga ta.

Da muka kai ta asibiti aka tura mu sashen gashi, wanda ake ce wa fisiyo. Ni a zatona gashi na mai karaya ne ko mai shanyewar ɓarin jiki, ashe har da koya wa tsoho tsayuwa. Likitar ta zaunar da Inna a kujera, ta ce ta tashi ta yi tafiyar mita 3 ta juyo ta zauna, tana duba agogo. Ta ce wanda ya kai daƙiƙa 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa, Inna kuwa ta zarce nesa. Sai ta dube ni ta ce, "Malama, a gida wane aiki take yi?" Na ce da alfaharina, "Ai ko cokali ba ta ɗagawa." Ta ce, "To shi ne ciwon."

Wallahi maganar ta yi mini zafi. Amma da ta yi bayani sai jikina ya yi sanyi. Tsayuwar da muke yi ba mu tangaɗi, abubuwa ne suka haɗu: ido yana ganin ƙasa, can cikin kunne akwai abin da ke auna karkatar kai, tafin ƙafa yana jin inda ya taka, naman cinya da na ƙwauri suna riƙe jiki. Tsufa yana rage kowannensu, ciwon suga yana kashe jin tafin ƙafa, wasu magungunan barci da na hawan jini suna sa jiri idan an miƙe da sauri. Zama kuma yana cinye naman ƙafa, ya fi saurin cinye na tsoho. Wanda ya taɓa faɗuwa sai tsoro ya shige shi, tsoro ya zaunar da shi, zama ya raunana shi, rauni ya sake kayar da shi. Mu kuma da hidimarmu muka taya tsoron aiki.

Kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. A alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa. Kin san tsohuwa nawa a unguwarku da ta karye a ƙugu, daga nan ba ta sake takawa ba?

Yanzu ga inda maganar take. Allah Ya umarce mu da kyautata wa iyaye, musamman idan tsufa ya riske su a wurinmu, wannan babu ja. Amma na zauna na binciki zuciyata, sai na tarar da wani abu da ban so gani ba. Idan Inna ta sake faɗuwa da tsintsiya a hannu, me dangin miji za su ce? "Ta mai da uwar mijinta 'yar aiki." Idan kuwa ta raunana a kan gado, sai a ce tsufa ne, babu mai ɗora mini laifi. Kin ga ashe rabin tausayin nawa garkuwa ce na yi wa kaina. Na zaɓi cutar da ba a gani a kan zargin da ake ji.

Har kujerar sallar ma abin dubawa ce. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito ya ba da rangwamen yin salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa. Rangwame ne ga wanda ya kasa, kuma Inna a lokacin ba ta kasa ba, mu ne muka yanke mata hukunci ba tare da mun tambaye ta ko mun tambayi likita ba.

Ba ina cewa a saki tsoho a kan tayil mai santsi a ce motsa jiki ne ba. Wanda ya ɗaure raƙuminsa ne ke da bakin maganar tawakkali. Mun kankare gansakukar bakin makwarara, mun kafa ƙarfen dafawa a bayi, an rage dokin ƙofa, an canza mata silifas da ya suɗe, tocila ba ta rabuwa da gefen filo, aka kuma duba mata ido da magungunanta. Wani jirin ma, irin wanda ke taso wa mutum idan ya juya a kan gado, daga cikin kunne yake, kuma likitan gashi na iya gyara shi da jujjuya kai ta wata hanya da suka koya. Kada ki gwada da kanki.

Atisayen da aka ba ta ba wani abin a zo a gani ba ne: tashi da zama daga kujera sau 10, ɗage a kan yatsu tana dafe da bango, tsayuwa da ƙafa ɗaya, tafiya diddige na taɓa yatsu. Irinsu ne a cikin tsarin da jami'ar Otago ta Niyu Zilan ta gwada a kan tsofaffi a gidajensu, sau 3 a mako, faɗuwa ta ragu da kimanin kashi 35 cikin 100.

Wahalar tana wajen kunya. Ta yaya zan tsaya a kan surukata ina ƙirga mata? Ranar farko ta ce, "'Yar nan, ni za ki mayar 'yar makarantarki?" Kuma da gaskiyarta, babba ce, jikinta ne, ba ni da ikon tilasta mata. Sai na bar maigida ya yi mata bayani, na sa autata tana yi tare da ita kamar wasa, ni kuma ina daga gefe kusa da hannunta. Wata ranar ta yi, wata ranar ta ce gwiwa ta hana, mu ƙyale ta.

Tsintsiyar na mayar mata da ita da hannuna. Wata ƙanwar maigida ta shigo ta same ta tana share ƙofar ɗakinta, ta yi mini wani kallo, har yau gaisuwarmu ba ta koma daidai ba. Inna dai da azumin bana da ƙafarta ta je gidan maƙwabta buɗa-baki, tana dogara sanda, jikarta na riƙe mata da dadduma.