Zanen Aro: In Amurkawa Sun Sake Wasannin Ingila, Gyara Suke Yi Ko Ɓarna?

Akwai wata tsohuwar gardama tsakanin masu kallon talabijin a ƙasashen Turawa, wadda muke ganin ta shafe mu, mu da ke riƙe da alƙalami, ko da kuwa ba mu taɓa taka Landan ba. In Turawan Ingila suka shirya wasan kwaikwayo ya samu karɓuwa, sai Amurkawa su sayi izininsa, su sake rubuta shi, su zuba nasu 'yan wasan, su mayar da labarin garuruwansu. To, wannan sabo da suka yi, ya fi na asalin ne, ko kuwa lalata shi suka yi? Amsar mutanen Ingila ba ta wuce abin da Bahaushe ke cewa ba, wato zanen aro ba ya rufe katara. Su kuwa Amurkawa sai su nuna maka yawan 'yan kallo da yawan shekarun da nasu ya yi ana nunawa. Mu dai duka amsoshin biyu ba su gamsar da mu ba, don ɗaya kishin gida ne, ɗaya kuma lissafin kasuwa.

Bari mu ɗauki wasa guda mu zauna a kansa, maimakon mu yi ta tsalle-tsalle. A watan Nuwamba na 1990 gidan talabijin na BBC ya fara nuna wani wasa mai suna House of Cards, kashi huɗu kacal. An ciro shi ne daga littafin Michael Dobbs, mutumin da ya yi aiki a cikin jam'iyyar 'yan mazan jiya kusa da Margaret Thatcher, ya kuma san ƙulle-ƙullen gidan ciki da bai. Labarin wani dattijo ne, Francis Urquhart, bulaliyar jam'iyya a majalisa, wato mai tsawatar wa 'yan majalisa, wanda asirin kowa ke hannunsa. Sabon Firayim Minista ya hana shi muƙamin da yake sa rai, shi kuwa ya ɗaura aniyar kayar da shi ya haye kujerar. Wani ikon Allah, a cikin makon da aka fara nuna wasan ne 'yan majalisar jam'iyyar Thatcher suka juya mata baya, har ta ba da sanarwar sauka. Mai kallo ya ga ƙulli a wasa, ya waiwaya ya ga irinsa a labaran duniya.

Abin da ya sa wasan ya zauna a zukatan mutane shi ne wata dabara: Urquhart yakan juyo ya dubi kyamara, ya yi wa mai kallo magana kai tsaye, cikin raha da murmushi, ya gaya masa abin da zai ƙulla. Kafin ka ankara ka zama abokin shawararsa. Kana dariya in ya yi wa wani wawan minista zagon ƙasa, kana jin daɗin cewa kai kaɗai ya amince wa. Sai a kashi na huɗu ya jefo wata yarinya 'yar jarida, Mattie Storin, wadda ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, daga rufin ginin majalisa. A nan dariyar ke maƙalewa a maƙogwaro, domin da kai aka taho tun farko. Ke nan wasan mai kallo yake tuhuma, ba 'yan siyasa kaɗai ba.

Sai dai mu lura da wani abu kafin mu rantse da kalmar "asali". A cikin littafin Dobbs na 1989, Urquhart ne da kansa ke faɗowa daga rufin. Andrew Davies, wanda ya mayar da littafin wasa, shi ya juya abin, ya bar mugu a raye ya kashe mai gaskiya. Ashe wanda ake kira na asalin, shi ma aro ne da aka yi wa sabon ɗinki, kuma ɗinkin ya fi yadin kyau. Saboda haka ba aron ne laifi ba.

A 2013 kamfanin Netflix ya fito da nasa. Urquhart ya koma Frank Underwood, majalisar Landan ta koma ta Washinton. In za mu yi adalci, akwai wurare biyu da Amurkawa suka yi abin a yaba. Na farko, Urquhart ɗan manyan gida ne mai ganin mulki gadonsa ne, amma Underwood ɗan talakawa ne daga wani ƙaramin gari a jihar Karolina ta Kudu, wanda yunwar da ya taso da ita ba ta taɓa barinsa ba. Wannan ciwon Amurka ne na kanta, ƙasar da ke alfahari da wanda ya tashi daga babu. Na biyu, matar Urquhart a bayan labule take, sai jifa-jifa take leƙowa, amma Claire Underwood, wadda Robin Wright ta fito a matsayinta, cikakkiyar mutum ce mai nata buri, har auren nasu ya zama rabin labarin. Duk marubucin da ke son koyon yadda ake ɗaukar ɗan ƙaramin tauraro a hura masa rai, ya nazarci wannan mata.

To, amma a nan gizo ke saƙa. A tsarin Ingila, jam'iyya mai mulki na iya canza shugabanta ba tare da an je babban zaɓe ba, kuma a wancan zamanin 'yan majalisarta kaɗai ke da ƙuri'a. Don haka mutum guda mai riƙe da asirin 'yan ɗaruruwan mutane zai iya zama Firayim Minista, hankali kuma ya ɗauka. A Amurka ba haka abin yake ba. Sai da marubutan suka yi ta lauje-lauje: a lallaɓa mataimakin shugaban ƙasa ya koma takarar gwamna, a naɗa Underwood a gurbinsa, sannan a matsa wa shugaban lamba har ya yi murabus. An ari riga, amma ba a auna kafaɗar mai sawa ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce tsawo. Na Ingila, har da ci gabansa guda biyu na 1993 da 1995, kashi 12 ne gaba ɗaya, kuma ya ƙare da harsashi a jikin Urquhart, da sanin matarsa. Na Amurka ya kai kashi 73 cikin zango shida. Mai karatu zai ce ina ruwan ɗabi'a da tsawon wasa? Muna ganin akwai ruwanta sosai. Mugun da ka zauna da shi awa huɗu yana ba ka tsoro. Wanda ka yi shekara biyar kana buɗe masa ƙofar ɗakinka kuwa, ya zama ɗan gida. Kisan farko ya girgiza ka, na biyu ka yi tsaki, daga nan sai ka soma jiran na gaba kamar mai jiran kiɗa ya canza. Dabarar nan ta duban kyamara, wadda aka ƙirƙiro don a kunyata mai kallo, ta rikiɗe ta zama hira tsakanin aminai. Ba wai marubutan Amurka ba su iya ba ne, a'a, kasuwar ce ba ta yarda a yanka saniyar da ke ba da nono. Ƙarshenta ma ba labarin ne ya yanke wa Underwood hukunci ba. Zarge-zarge ne suka taso a kan ɗan wasan, Kevin Spacey, a 2017, kamfanin ya sallame shi, aka buɗe zangon ƙarshe a 2018 da labarin wai Underwood ya mutu. Daga baya, a 2023, wata kotu a Landan ta wanke ɗan wasan daga tuhumar da aka yi masa a can, amma wannan wani zance ne daban.

Akwai kuma masu faɗuwa ta ɗaya ɓangaren, wato tsananin biyayya. Broadchurch na 2013, labarin kisan wani yaro a ƙaramin garin bakin teku, ya girgiza Ingila. Shekara guda bayan haka aka sake shi a Amurka da sunan Gracepoint, aka ɗauko David Tennant ɗin da ya ja na farko, aka ce ya canza karin harshe, aka bi fitowa-fitowa kusan sak, sai can ƙarshe aka ɗan murɗa wanda ya yi kisan. Zango ɗaya ya yi ya mutu. Ba a ɓata komai ba, amma ba a kawo dalilin sake yin sa ba.

Inda aron ya yi albarka kuwa, za ka tarar mai aron ya daina kallon mai kayan. A fagen barkwanci, Norman Lear ya ɗauki wani tsoho mai bakin tsiya da ƙyamar baƙi daga wasan Till Death Us Do Part, ya mayar da shi Archie Bunker a All in the Family a 1971, ya sa masa rigingimun Amurka a baki: launin fata, yaƙin Biyetnam, 'yancin mata. Shekara biyar a jere yana kan gaba a yawan 'yan kallo a ƙasar. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Duk da haka, ko a nan muna da 'yar tababa, domin an tausasa tsohon, an sa masa abin so, kuma ba mu tabbata cewa mayar da mai ƙyamar mutane abin ƙauna gyara ne ba.

Mu Hausawa bai kamata wannan zance ya zame mana baƙo ba. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus da wasu wurare, amma ya jiƙa su da ruwan ƙasar nan har ba ka jin ƙamshin baƙunta. Ka kwatanta wannan da wanda zai kalli fim ɗin Indiya da dare, ya wayi gari ya canza sunaye ya kai maɗaba'a. Kuma a nan dole mu sara wa Amurkawa: suna biyan mai kaya, suna rubuta sunansa. Sunayen Dobbs da Davies na nan cikin jerin masu shirya wasan na Netflix. Mu nawa ne a cikinmu ke yin haka?

In aka matsa mana sai mun yanke hukunci a kan House of Cards, za mu ce na 1990 ya fi, domin ya san abin da ya zo faɗa, ya faɗa, ya tashi. Amma ba za mu so a ce ba a taɓa yin Claire ba. Da za a ba mu almakashi, a ƙarshen kashi na 26 za mu datse na Amurka, a 2014, daidai inda Underwood ya shiga ofishin shugaban ƙasa shi kaɗai, ya tsaya a bayan tebur, ya ɗago ido ya dube mu, ya ƙwanƙwasa teburin sau biyu.