Kayan Wani Ba Ya Halatta Don An Ƙetare Iyaka

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, wata ɗabi'a ta shigo cikin samari masu wasannin kwamfuta. Yaro yakan ciro hotuna da sauti daga wani wasa, ya dasa cikin wani, ya sayar ba da izinin masu shi ba. A gari irin Illela, da ke maƙwabtaka da Birnin Konni, kayan kan ƙetare iyaka cikin wayar aljihu, har mai yi ya zaci ya kuɓuta.

To, ya sani sayen wasa izinin wasa ne kurum, ba mallakar gumin masu yinsa ba. Aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar mutane ba da yardarsu ba. A 1988 kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta tabbatar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira Shari'a ta tsare su. Dokar Nijeriya ta 2022 ma ta kare su.

Wanda aka ba izini ba shi da laifi. Wanda ba a ba ba, ya nema ko ya bari. Ana iya kauce wa kwastan, ba a kauce wa hisabi.

Allah Ya sa a gane.